Fankar da Ta Shanye Gumin Baba Mati

A garinmu Marken Liman, can gefen Kunci, akwai wani magini da ake kira Nababa. Gwani ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Idan ya jera bulo, sai ka tsaya kana kallo don daɗi. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: ba ya karɓar magana daga bakin wanda yake ganin bai kai shi ba. In ka ba shi shawara, ba shawarar yake dubawa ba, kai yake ƙare wa kallo daga hula har takalmi, ya ga ko ka isa.

Da ba haka yake ba. Na san shi tun muna yara, malaminmu ɗaya. Abin ya same shi ne bayan ya yi shekara biyu a Abuja yana aiki wajen masu gina manyan benaye. Ya dawo da wata hular kwano rawaya, ya ce daga ranar a riƙa ce masa Injiniya. Hular nan ko ƙosai zai saya tana kansa. Mutanen gari suka yi dariyarsu a ɓoye, suka kira shi Injiniyan, tunda faɗar ba ta rage wa kowa komai.

Cikin leburorinsa akwai wani dattijo, Baba Mati, wanda aikinsa kwaɓa siminti. Shi ya yi wa mahaifin Nababa kwaɓi fiye da shekara ashirin, tun ana ginin ƙasa. Ya sha ɗaukar Nababa a wuya zuwa wurin aiki, kuma shi ya fara damƙa masa cokalin gini a hannu. Bayan dawowa daga Abuja sai Nababa ya cire “Baba” daga sunansa, ya koma ce masa Mati kawai. Tsohon bai taɓa nuna ya lura ba.

Ni kuwa sunana Khalilu, ni ne malamin Islamiyyar garin. Ina da hannu cikin abin da ya faru, shi ya sa ban bar wa wani ya ba da labarin ba.

Abin ya faru ne a shekarun nan na tsanani, lokacin da fetur ya gagari talaka, taki ya gagare shi, daminar da ta wuce kuma ba ta yi albarka ba. Kafin bazara ta yi tsakiya rumbuna da yawa sun zama fanko. Magidancin da a da yake ba maƙwabci dami kyauta, sai ga shi yana zuwa awo da ɗan ƙyalle a hannu. Duk wanda ya sami aikin yini a wannan lokaci, riƙe shi yake da hannu biyu, ko da aikin zai karya shi.

A cikin wannan hali ne Alhaji Muhammadu Sani, ɗan garinmu mai sayar da yadi a Kano, ya ɗauki nauyin gina mana aji biyu, domin ɗalibaina a ƙarƙashin rumfar kara suke karatu. Aka ba Nababa aikin. Gini ya tashi, aka buga kwanon rufi, saura filasta da daɓen ƙasa, sai ga azumi ya kama. Azumin kuwa ya faɗo tsakiyar bazara, cikin wani irin zafi da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kaji ma buɗe baki suke a gindin katanga.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani ya tambayi Nababa yaushe za a gama. Maimakon ya ce in Allah ya yarda kamar kowa, sai ya gyara hularsa ya ɗaga murya yadda har na bayan sahu za su ji.

“Ranar Sallah Alhaji zai zo gida. A ranar zan damƙa masa makulli a gaban kowa. Wanda ya ga ban yi ba, kada ya ƙara ce mini Injiniya.”

Baba Mati yana tsaye a gefe. Ya ce a hankali, “Nababa, kwanakin nan ba za su isa ba. Ka dubi rana.”

“Rana aikinta take yi, mu ma namu za mu yi,” in ji Nababa, ko waiwayowa bai yi ba.

Maginan yankinmu suna da wata al'ada da suka gada. In bazara ta yi tsanani, da an idar da sallar Asuba suke kama aiki. Da zarar inuwar mutum ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, sai a wanke shebur a ajiye. A koma gindin bishiya, a jiƙa tsofaffin buhunan gyaɗa a rataya ta wajen da iska take zuwa, kowa ya jiƙa rigarsa ya kwanta. Ba mai taɓa siminti sai bayan La'asar. Baba Mati ne mai duba inuwar a tawagar Nababa, kuma tun zamanin mahaifinsa in ya ce “ta shige,” aiki ya tsaya ke nan. Wannan al'ada ce ta tsaya wa Nababa a wuya, domin in aka bi ta alkawarinsa ba zai cika ba. Ya fara kiranta lalacin ƙauye.

Ana cikin haka Alhaji ya kira ni a waya yana tambayar lafiyar ma'aikata. Na faɗa masa irin zafin da ake yi. Ya ce, “Subhanallahi, ga azumi. Malam, ku je ku sayo musu fanka, su riƙa samun hutawa mai kyau da rana. In an gama aiki ta zama ta makaranta.” Haka ya faɗa, kalma da kalma. Hutawa ya ce. Na isar da saƙon ga Nababa, sai na ga idonsa ya kawo haske, amma ban tsaya na tambayi abin da ya hango ba.

Washegari muka shiga Kano ni da shi. Muka je shagon wani mai kayan wuta, sunansa Iliyasu, mutum mai natsuwa, irin waɗanda ba sa ɗoki don sun ga mai saye. Fankoki cike da shago, manya da ƙanana. Nababa bai ko tsaya gaisawa da kyau ba, ya wuce can ƙurya inda wata ƙatuwar baƙar fanka take tsaye, fuskarta ta kai faɗin tayar tirakta. Ya dafa ta ya ce irinta suke amfani da ita a Abuja.

Iliyasu ya ce, “Mai kyau ce, ranka ya daɗe. Amma a ina za a sa ta? Akwai wuta a garin naku?”

“Za mu ari inji.”

“To. Cikin ɗaki ne ko waje?”

“Cikin aji. Filasta muke yi.”

“An sa silin?”

“Ba a sa ba tukuna.”

Iliyasu ya ce, “Yallaɓai, bari in faɗa maka gaskiya ko da zan rasa babban ciniki. Fanka ba ta yin sanyi, iskar da ta tarar ita take turowa. In ka kai wannan ƙarƙashin kwano tsirara da tsakar rana, wuta za ta riƙa hura wa mutanenka. Ga waɗannan ƙananan masu sola. Ka ɗauki biyu, ka kafa su a inuwa inda suke hutawa, ka rataya jiƙaƙƙen buhu a bayansu. Ba ruwanka da fetur, kuma wallahi sai sun yi barci.”

Nababa ya dube shi daga hula har takalmi. “Waɗannan 'yan fankokin na masu shayi? Malam, kaya kake sayarwa ko makaranta ka buɗe? Shekara nawa ka yi a wurin gini?”

“Ban taɓa yi ba.”

“To ɗaure mini wannan.”

Iliyasu ya juyo ya dube ni, kamar yana neman in sa baki. Na kawar da kai. Gaskiyar magana ita ce, ni ma babbar ta shiga raina. Na riga na hango ta tsaye a gaban ajina, malaman garuruwan maƙwabta suna zuwa kallo. Na ji maganar mai shagon sarai, na kuma gane gaskiya ce, amma na yi shiru don son abin da zai dawo hannuna. Har yau in na tuna kallon da ya yi mini, kunya takan kama ni.

Ranar da fankar ta iso gari, kai ka ce amarya aka kawo. Aka aro injin wani mai cajin waya, aka ajiye shi a bayan aji, aka jawo waya. Nababa ya tara ma'aikatansa: Baba Mati da wasu samari majiya ƙarfi biyu, Tasi'u da Usaini, masu ɗauko kwaɓi da taya shi shafe bango. Ya ce daga yau an daina kwanciyar gindin bishiya. Fetur ya yi tsada, don haka ba za a tayar da inji da safe ko da yamma ba, sai daga hantsi ya ɗaga zuwa La'asar, kuma a lokacin kowa yana cikin aji yana aiki. Sannan ya sa aka kawo ragowar kwanon rufi aka toshe tagogin ajin guda huɗu.

Baba Mati ya ce, “Tagogin kuma fa? Ta ina iska za ta shigo?”

“A Abuja in an kunna na'ura rufe ko'ina ake yi, kada sanyi ya gudu. Kai dai kwaɓa siminti.”

Na'urar sanyaya ɗaki ya gani a ofisoshin Abuja, ya ɗauka dokarsu ɗaya da fanka. Da ya tambayi ko direban da ya kawo mu, da ya faɗa masa bambancin. Amma wa Injiniya zai tambaya?

Ranar farko abin ya yi armashi. Fankar tana ruri, riguna suna kaɗawa, Tasi'u da Usaini suna tsayawa gabanta suna ɗaukar hoto. Aiki ya yi sauri ƙwarai, bango guda aka shafe a yinin. Da na leƙa bayan Azahar, iskar da ta bugi fuskata ta tuna mini bakin tanderun gurasa. Amma na ga kowa yana motsi, sai na ce madalla na koma gida.

Rana ta biyu samarin suka daina ɗaukar hoto. Usaini ya ce kansa yana sarawa tun jiya, ko da aka sha ruwa bai sake shi ba. Rana ta uku Tasi'u ya fita da gudu ya durƙusa bayan aji yana kakarin amai, cikin babu komai. A ranar ne Baba Mati ya jingine shebur ya matso kusa da Nababa. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji komai.

“Nababa, ka saurare ni don Allah. Iskar nan ba ta ƙwarai ba ce. Gumi take shanyewa tun kafin ya jiƙa riga. Mutum yana ƙonewa ta ciki bai sani ba, ga shi ba halin ya kurɓi ruwa. Mu kai fankar gindin marken da muke hutawa, mu koma yadda muka saba. In dare ya yi sanyi ka ƙara mana awa bayan Tarawihi, ni zan zo.”

Maganar ta yi hankali, kuma a hankali ya faɗe ta. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da Nababa ya saurara. Amma ga samari suna ji, ga ni a ƙofa. Sai ya saki cokalin filasta ya yi wata 'yar dariya.

“Yau kuma lebura ne zai koya wa Injiniya aiki? Mati, in tsufa ne ya kama ka, ka faɗa. Samari nawa ne a garin nan suke zaune ba aiki? Gobe in na so sai in kawo goma.”

Baba Mati ya daɗe yana kallon ƙasa. Na san halin gidansa: rumbunsa ya ƙare tun kafin azumi, daga shi sai matarsa Hure da jikoki marayu uku, kuma abin da ya samo a yini shi ake dafawa a sha ruwa da shi. Nababa ma ya san haka, shi ya sa ya zaɓi wannan maganar. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki sheburinsa.

“Allah ya huci zuciyarka, Injiniya,” in ji shi. Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya kira shi da wannan suna.

Ni malami ne. Da na buɗe baki na ce a tsaya, da an tsaya, domin ginin na makarantata ne. Sai na ce wa kaina ba kyau a kunyata mai aiki a gaban yaransa, zan same shi gefe daga baya. Ban same shi ba.

Rana ta huɗu ita ce mafi zafi. Tun da hantsi kwanon rufin yake ƙara yana ɗas-ɗas. Bayan na idar da Azahar na biya ta wurin ginin. Nababa ya tare ni da fara'a, ya ja hannuna zuwa inda Baba Mati yake kwaɓi, daidai saitin fankar, domin nan ya ce a mayar da kwaɓin don tsohon ya daina ƙorafi.

“Malam, zo ka ga aikin ilimi. Taɓa bayansa. Taɓa mana! Da can war haka rigarsa sharkaf take. Yanzu ko ɗigon gumi babu.”

Na sa hannu a wuyan Baba Mati. A bushe yake ƙayau, ga zafi kamar an sauke tukunya daga murhu. Tsohon ya juyo ya dube mu, idanunsa jajaye, amma ba mu yake gani ba. Ya yi wa Nababa murmushi ya kira shi da sunan mahaifinsa, wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

“Sama'ilu, ta shige fa. A wanke shebur. Ina yaron nan? Kada a bar shi a rana.”

Sai ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya faɗi da fuska cikin kwaɓin siminti.

Abin da ya biyo baya ban iya tuna shi a jere ba. Na san Tasi'u ya tokare kwanon da ke taga da ƙafa har ya faɗi waje. Mun ciccibo tsohon zuwa gindin marke, muka kwarara masa ruwan randar kwaɓi. Na ce a ba shi ruwa, abin ya wuce batun azumi, amma bai iya haɗiyewa ba, sai ya biyo ta gefen bakinsa. Usaini ya ruga ya turo babur ɗinsa, ya buga ya buga ya ƙi tashi, babu mai a ciki tun shekaranjiya. A wannan lokaci duk fetur ɗin da ke unguwar yana cikin injin da ke juya fankar. Muka kashe injin, muka karkata shi muka tsiyaye man a gora, muka ɗura wa babur. Aka ɗora Baba Mati a tsakiya, Nababa ya hau baya ya rungume shi. Da suka hau kan burji, hular rawayar nan ta fice daga kansa ta gangara cikin gona. Bai waiwaya ba. Ni da na biyo su a keke na tsaya na ɗauke ta.

A asibiti aka karɓe shi da sauri, aka sa masa ƙarin ruwa, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun zannuwa. Bayan wani lokaci wata ma'aikaciyar jinya, Hajiya Luba, ta fito ta tambaye mu yadda abin ya faru. Usaini ya ba ta labari tiryan-tiryan. Ta riƙe haɓa.

“Ƙarƙashin kwano, da tsakar rana, da azumi, an toshe tagogi, an kuma kunna masa fanka? Ba ku ga gumi ya ɗauke masa ba? Ai in mai aiki a zafi ya daina gumi, jikinsa ya gaza ke nan, ba sanyi ya ji ba. Wane ne ya ce a rufe tagogin?”

Can sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa a bayana, har ban gane ta ba da farko.

“Ni ne, Hajiya.”

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta koma ciki. Nababa ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Malam, ya faɗa mini. Mai shago ma ya faɗa mini. Ni kuma na kira ka ka zo ka taɓa, ina alfahari.” Ni ma ai a gabana aka faɗa.

Baba Mati bai mutu ba. Allah ya yi da sauran kwanansa. Sai da ya yi kwana uku kafin ya gane Hure, ya yi sati biyu kafin a sallame shi. Amma wanda aka dawo mana da shi ba shi ne wanda muka kai ba. Hannuwansa rawa suke ba tsayawa, ko kofi sai an riƙe masa. Tafiya sai da sanda da mai tallafa masa, maganarsa ta yi nauyi. Likita ya ce zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kada a sa rai zai sake ɗaukar shebur ko fartanya.

Ranar Sallah Alhaji Muhammadu Sani ya zo. Ba makulli, ba taro. Tasi'u da Usaini sun bar aikin, kuma ba saurayin da ya yarda ya maye gurbinsu duk da yunwar da ake ciki. Filastar da aka yi a kwanaki huɗun nan ma ta tsattsage, iskar ta busar da ita tun ba ta kama ba, sai da aka farfashe aka sake daga baya. Alhaji ya zaga ajin, ya tsaya gaban fankar ya daɗe yana kallonta. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Malam Khalilu, ni hutawa na ce.” Na fi son a ce zagina ya yi.

Nababa ya yi kwanaki ba ya fita sai masallaci. Kunya ta hana shi zuwa gidan Baba Mati. Ran nan bayan Azahar ya same ni ya ce in raka shi, shi kaɗai ba zai iya ba. Muka tarar da tsohon kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Hure tana zaune kusa da kansa tana yi masa fifita da maficin kaba. Jikokin suka shige ɗaki da suka gan mu. Nababa ya durƙusa nesa kaɗan, kansa ba hula, ya fara magana, kuka ya ci ƙarfinsa. Ya yi ta cewa a yafe masa.

Na zaci Hure za ta zazzage masa abin da ke cikinta, kuma da ta yi, ba mai ganin laifinta. Ta dube shi kawai, idonta a bushe. Sannan ta miƙa masa maficin.

“Karɓi. Hannuna ya gaji, ga tuwo ban ɗora ba.”

Ya matso ya karɓa. Ya shiga kaɗa shi da ƙarfi, da sauri, yadda yake yin komai. Baba Mati ya buɗe ido ya dube shi. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna wani ƙyalle da ke cikin ƙwarya da ruwa. Da ƙyar maganar ta fito.

“Nababa... jiƙa wannan tukuna... ka shimfiɗa mini. Sannan ka kaɗa a hankali.”

Shekara nawa rabon da in ga an gaya wa mutumin nan yadda zai yi abu ya yarda? Ya ajiye maficin, ya matse ƙyallen, ya shimfiɗa a ƙirjin tsohon, ya sake ɗauka yana kaɗawa sannu-sannu.

“To, Baba,” in ji shi. “Haka?”

“Haka.”

Da damina ta faɗi, Nababa ne ya nome gonar Baba Mati kafin ya taɓa tasa, kuma har yau shi yake yi. Ya gama mana ginin bayan wata biyu, da aikin Asuba da na La'asar. Yanzu shi da kansa yake duba inuwa, in ta shige ƙarƙashin ƙafa ya ce a wanke shebur. Duk wannan bai mayar wa Baba Mati hannuwansa ba, kuma Nababa ya fi kowa sanin haka. Fankar tana ɗakin ajiyar makaranta, ban taɓa samun zuciyar kunna ta ba. Hular rawayar tana rataye a kanta. Na faɗa masa tana wurina, bai taɓa zuwa karɓa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai yakan toshe kunnen mutum daidai lokacin da ya fi bukatar ji, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne yake fara shan wahalarsa ba, wanda ke ƙarƙashinsa ne, wanda yunwa ta hana shi cewa a'a. In gaskiya ta zo maka, karɓe ta ko daga bakin wa ta fito, lebura ne ko mai shago. Kafin ka raina abin da na gabanka suka saba yi, tambayi dalilinsa. Kafin ka sayi abu don girmansa, tambayi inda zai yi aiki da wanda zai yi wa. In Allah ya sa wasu suna aiki a ƙarƙashinka, ka sani lafiyarsu amana ce a wuyanka, ta fi alkawarin da ka yi don a yaba maka. Kai kuma da kake tsaye a bakin ƙofa kana gani, kamar yadda na tsaya, ka yi magana tun da sauran amfani. Allah ya yafe mana, ya ba Baba Mati ladan haƙurinsa.